Yaya ake sa jaz da sol su zauna daram cikin dram an bes?

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu haɗa kiɗa, na nan Damagaram da na nesa. Ina neman taimako kan dram an bes mai laushi, irin wanda ake kira likwid. Da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki, tampo 174, wato bugu 174 a minti. Na jera kik da siniya, wato babbar ganga mai nauyi da ƙaramar mai kaifi, na ɗora akor na piyano, wato not da yawa da ake dannawa tare, na yanko ɗan saksofon daga wani tsohon faifan jaz na saka a kai. Kowane abu in an saurare shi shi kaɗai lafiya lau yake, amma in an haɗa sai ganga ta yi gabas piyano ya yi yamma, kamar an ɗaura doki da jaki a amalanke guda. Ga shi kuma bes ɗin yana girgiza ɗaki a babbar sifika, amma da na tura wa ƴan fada ta WhatsApp suka ce ba su ji bes ba sam.

Tambayata: ina jaz da sol suke ɓoye a cikin wannan kiɗa, a ganga ne, a akor ne, ko a sampul? Kuma me nake yi ba daidai ba?

Mai Faifai na Birni ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara da ganga, don a nan matsalarka ta fi girma. Kai ka ɗauka sol ɗin wani abu ne da ake yafawa a sama bayan an gama gini, alhali shi ne tubalin. Gangar wannan kiɗa tun asali hannun makaɗan sol da fank na Amurka ce. Birek, wato inda ganga ke kaɗawa ita kaɗai a cikin waƙa, ɗin da aka fi yanka, wanda ake ce wa Amen, ya fito daga "Amen, Brother" ta ƙungiyar The Winstons, 1969, kuma Gregory Coleman ne ya kaɗa shi: mezir huɗu (kowane mezir bugu huɗu ne), kimanin sakan bakwai. Na biyu a shahara shi ne na "Think (About It)" ta Lyn Collins, 1972, wadda James Brown ya shirya. Samarin Landan da Biristol na farkon shekarun 1990 sun ɗauki waɗannan suka ƙara musu gudu a injin sampul irin Akai S950, aka samu jangul, daga shi dram an bes ya fito. Saboda haka in ka zana gangarka da linzamin kwamfuta, kowane bugu da ƙarfi ɗaya kuma a kan layi cif, ka riga ka cire mutum daga ciki. Saksofon ɗin da ka ɗora kuwa numfashin mutum ne. Dole su ƙi juna.

Ga yadda za ka gyara. Mezir guda gida 16 ne, kamar gidajen dara. Ƙashin bayan da kowa ya sani shi ne kik a gida na 1 da na 11, siniya a na 5 da na 13. Wannan jeri ya yi ƙarfi ne bayan "Pulp Fiction" ta Alex Reece a 1995, kuma shi ya buɗe fili ga piyano da ƙaho, tunda ganga ta rage surutu. Amma duba mezir na farko na Amen: kik a 1, 3, 11, 12, siniya a 5, 8, 10, 13, 16. Na 5 da na 13 su ne manya. Na 8, 10 da 16 ƙananan bugu ne, kamar raɗa, kuma su ne ke sa kiɗan ya yi rangaji. A mezir na uku Coleman ya jinkirta babbar siniya ta biyu daga 13 zuwa 15, a na huɗu ya bar gida na 1 fanko ya doki farantin ƙarfe a 11. Wannan ɗan tuntuɓen da gangan shi ne kunne yake jira.

A aikace: manyan siniya ka ba su ƙarfi 110 zuwa 120 cikin 127, na raɗa 35 zuwa 55. In sun haura 70 sun daina raɗa, sun zama gardama da babbar siniya. Hayhat kada ya zama ƙarfi ɗaya: na kan bugu 90, na tsakani 60, ka riƙa ɗan sauyawa. A tampo 174 bugu guda milisakan 345 ne, gida guda 86. Don haka lilon da ake yi wa hip-hop a tampo 90 ya yi yawa a nan. Jinkirta gidajen tsakani da milisakan 5 zuwa 10 ya isa. In ka kai 20 ganga za ta yi kamar mai ɗingishi.

Hanya mafi kyau ita ce haɗa biyu. Kik da siniya naka masu tsabta su riƙe nauyi, birek na gaske ya zauna a ƙarƙashinsu, an yanke masa duk abin da ke ƙasa da 200 ko 250 Hz, an rage shi kamar dB 8 zuwa 10. Shi zai kawo raɗa da ƙarar faranti da iskar ɗakin da aka naɗe shi. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a ja birek gaba ɗaya a miƙe shi ya cika mezir. Mutum ba inji ba ne, siniyarsa ba za ta faɗi daidai kan taka ba, sai ka ji "faf-faf" biyu maimakon duka ɗaya, ko siniyar ta rame don igiyoyin sautin suna cin juna. Ka yanka shi bugu-bugu da Slicex na cikin FL Studio, ka daidaita manyan siniya kaɗai da naka, ka ƙara girman hoton sautin har ka ga duka biyun sun fara hawa tare. Ƙananan bugun ka bar su inda makaɗi ya sa su.

Abu na ƙarshe. Amen yana wajen tampo 136. In ka ƙara masa gudu ta tsohuwar hanya, wato gudu da murya su hau tare, zuwa 174 ya hau rabin ton huɗu da ɗan ɗoriya, tunda kowane rabin ton kusan kashi 6 cikin ɗari ne na gudu. Wannan siririyar siniya mai kaifi ita ce muryar jangul. In kana son laushi irin na likwid, ka bar yankakkun a rabin ton biyu ko uku sama, ka jera su a 174. Jelar kowane bugu za ta ɗan shiga na gaba, sai ka datse.

Malam Mai Piyano ya amsa:

Mai Faifai ya gama da ganga, ba ni da ƙari. Ni zan yi magana kan akor, kuma ina zargin kurakurai biyu ko ban ji kiɗan ba: akor masu not uku, da saurin sauya su.

Ka riƙe wannan: ganga ce kaɗai ke gudu a 174. Akor, bes da murya suna tafiya a rabi, wato 87, kuma 87 tampo ne na waƙar sol mai natsuwa. Shi ya sa auren ya yiwu tun farko. Mezir guda a 174 bai kai sakan ɗaya da rabi ba, 1.38 ne. In kana sauya akor kowane mezir, kunne bai gama ɗanɗana na farko ba ka kawo na biyu. Ba kowane akor mezir biyu, wani lokaci huɗu. Akor biyu ko uku sun isa waƙa guda.

Sai launin. Fa, La bemol, Do akor ne na Fa miner, amma wannan na waƙar makaranta ne. Ƙamshin jaz yana zuwa daga not na bakwai da na tara: Mi bemol da Sol. Sirrin masu piyanon jaz shi ne ba sa taɓa uwar akor, sun bar wa mai bes. To hannunka ya danna La bemol, Do, Mi bemol, Sol, a tsakiyar piyano, Do ɗin ya zama Do na tsakiya mai 261 Hz, bes kuma ya riƙe Fa. Ka samu Fa miner tara ke nan. Zuwa Si bemol miner tara, kada ka ɗaga hannu ka yi tsalle: La bemol da Do su zauna inda suke, Mi bemol ya sauka Re bemol, Sol ya sauka Fa, bes ya tafi Si bemol. Yatsu biyu kaɗai suka motsa. Wannan tafiyar hawainiya ita ce laushin da kake nema, kuma rashinta ne ke sa akor ɗin da aka zana da linzami su yi ta tsalle kamar fara.

Akwai wata dabara da ta fi wannan sauƙi, kuma ni na fi son ta. Ka bar not huɗun nan na farko kada ka taɓa su har mezir takwas, bes kaɗai ya yi yawo: Fa, sannan Re bemol, sannan Si bemol, ya komo Fa. A kan Re bemol sai su zama akor majer mai haske da ɗan ɗaci, a kan Si bemol su zama akor mai rataye da ke neman komawa gida. Hannu bai motsa ba amma an ji akor uku.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne yawancin waɗancan shimfiɗaɗɗun akor na zamanin LTJ Bukem da kamfaninsa Good Looking ba a bin ƙa'idar makaranta aka yi su ba. Akor guda ake naɗa cikin injin sampul, miner bakwai ko tara, a danna shi da yatsa ɗaya sama da ƙasa. Duk not ɗin sai su tashi tare su sauka tare, har su fita daga gam, wato jerin not ɗin da aka gina waƙar a kai. Malamin kiɗa zai ce kuskure ne, kunne kuwa ya saba da shi har ya zama alamar salon. Gwada: naɗi Fa miner tara ɗinka ya zama sauti guda, ka kunna shi a inda yake, sannan rabin ton uku sama, sannan biyu ƙasa. Sharaɗi ɗaya: bes ya bi shi sawu da ƙafa, in ba haka ba za su yi karo.

Game da sauti, piyanon katako mai kaifi yana faɗa da siniya. Nemi piyanon lantarki irin Fender Rhodes, wanda Herbie Hancock da Lonnie Liston Smith suka yi amfani da shi a shekarun 1970; ko FL Keys yana da irin sautinsa. Kada not huɗun su faɗi lokaci ɗaya, ka baza su milisakan 10 zuwa 25 daga ƙasa zuwa sama, na sama ya fi ƙarfi kaɗan. Kuma ka shigo da akor gida biyu kafin mezir ya fara, wato a gida na 15 na mezir da ya gabata. Masu jaz haka suke yi, suna riga bugu, kuma yana kauce wa kik na gida na 1.

Saksofon ɗinka kuwa, ka binciki abu biyu. Na farko gam ɗinsa: tsofaffin faifai ba kullum suke kan 440 Hz daidai ba, don gudun tef da na faifai suna ɗan bambanta, sai ka gyara da santi, wato kashi ɗaya cikin ɗari na rabin ton, har rawar da kake ji tsakaninsa da piyano ta tsaya. Na biyu tamponsa. Nemi sampul mai tampo 80 zuwa 92. Mai 82 in ka ɗaga shi rabin ton ɗaya cif ya faɗo kan 87, ba sai ka miƙe shi ba. Amma in ka ɗauko jaz mai lilo, irin wanda ake raba bugu uku, ba zai taɓa kwanciya kan ganga mai raba bugu huɗu ba. Daga irinsa dogon not ɗaya ko biyu kawai za ka ɗauka, ka sa musu amsa-kuwwa ta milisakan 259, su ɓace a hankali.

Injiniyan Sabon Gari ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, bayanin akor ya yi. Amma ina da ja kan kalmar jaz ɗin kanta, don kada yaron nan ya tafi neman abin da babu. Zuciyar jaz ita ce ƙirƙira nan take, makaɗa suna amsa wa juna. Mafi yawan dram an bes da aka laƙaba wa jaz ba su da wannan. Abin da suka ara launi ne, kuma daga jaz-fank na shekarun 1970 ne, ba daga bibop ba: Roy Ayers, Bob James da ire-irensu. "Circles" ta Adam F, 1995, a kan sampul na Bob James aka gina ta. Waɗanda suka matsa kusa da makaɗa na gaske ƴan kaɗan ne. Roni Size da Reprazent na Biristol sun sa babban bes na katako da ganga ta hannu a kan dandali, kundinsu New Forms ya ci kyautar Mercury a 1997. 4hero sun kawo masu goge na Turai da mawaƙa a Two Pages, 1998. Ta ɓangaren sol kuwa murya ce hujja, kamar ta Diane Charlemagne a "Inner City Life" ta Goldie. Sunan likwid fank ɗin ma daga DJ Fabio ya bazu, wajen 2000. Shi kuwa bes mai nauyin nan ba daga jaz ya zo ba, ba daga sol ba. Gadon manyan sifikun rege da dub ne na ƴan Jamaika mazauna Ingila. Wanda ya manta wannan sai ya yi kiɗan ɗakin jiran otal mai saurin ganga.

To ga batun bes da ya ɓace a waya. Fa na can ƙasa 43.7 Hz ne, Sol 49, La 55. Shi ya sa ake yawan yin wannan kiɗa a Fa ko Sol, nan ne babbar sifika take jin daɗi. Sifikar waya kuwa ba ta fitar da wannan ko kusa. Abin da ke ƙasa da 200 Hz kusan babu shi a wurinta. In bes ɗinka tsantsar igiyar sin ce, wato sauti guda tsaftatacce, ba ta da ƴaƴa a sama, to a waya shiru ne. Mu kuma a nan mutum tara cikin goma da za ka tura wa, a waya ko ƙaramar sifikar Bluetooth za su ji, ba a kulob na Landan ba. Wannan ƙiyasina ne, amma duba fadarku ka gani.

Magani shi ne bes hawa biyu. Na ƙasa: igiyar sin, mono, ba amon ɗaki, ba komai, an yanke sama da 100 ko 120 Hz. Na sama: bes na katako ko na gita, yana kaɗa not iri ɗaya, an yanke masa ƙasa da 100 ko 120 ɗin nan, an ɗan ƙona shi da abin ƙara ƙazanta kamar Fruity Soft Clipper ko Blood Overdrive kaɗan. Ƙonawar tana haifar da ninkin sautin: 87, 131, 175, 218 da sama. Kunne in ya ji waɗannan sai ya cike uwar da kansa. Ƙarar yatsa a kan tsirkiya, wajen 700 zuwa 1500 Hz, kada ka share ta, ita ce ke nuna wa mai waya inda bes yake tafiya.

Hattara da Re bemol ɗin da Malam ya ba ka. Na can ƙasa 34.6 Hz ne, yawancin sifikun biki da ake haya a garin nan ba za su fitar da shi ba, sai ka ji rami a waƙa duk lokacin da aka zo wurin. Ɗauki na sama, 69 Hz, ka rage shi dB ɗaya ko biyu don zai fi Fa fitowa. Si bemol 58 Hz ne, lafiya lau.

Kada ka kwaikwayi tafiyar bes ɗin jaz ta not a kowane bugu. A 174 not ɗin ƙasa bai gama buɗewa ba an kashe shi, sai taɓo. Jimla gajera ta not uku zuwa biyar a mezir biyu, da sarari a tsakani, ka maimaita. Inda kik da bes suka haɗu, kwamfuresa ya danne bes dB 3 zuwa 4 ya sake shi cikin milisakan 60 zuwa 80, wato kafin gida na gaba. In sakin ya yi tsawo kiɗan zai riƙa haki.

Sai wurin cunkoso, 180 zuwa 300 Hz. Cikin siniya yana nan, La bemol na Rhodes 208 Hz yana nan, bes na katako yana nan, gindin saksofon yana nan. Yanke Rhodes ƙasa da 150, ka ƙwaƙule masa dB 2 ko 3 daidai inda siniyarka take kumbura. Amon ɗaki a kan Rhodes da ƙaho ya kai sakan 1.4 ko 2.8, mezir ɗaya ko biyu ke nan, amma shi ma a yanke masa ƙasa da 300 Hz. Kuma kada ka yanke hukunci kan bes cikin ɗakin siminti mai rufin kwano ba labule ba katifa. Kusurwa tana ƙara maka abin da babu shi. Kaske mai kyau, sannan waya, sannan sifikar biki.

Ɗan Garin Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai yayyena, Allah ya saka da alheri. Na sa ƙananan siniya da birek a ƙasa, na mai da akor mezir bibbiyu, bambancin a fili yake. Saksofon ɗin ashe mai lilo ne, na cire shi. Yanzu tunani ya zo mini: maimakon in ari ƙahon Amurka, me zai hana in sa gurumi ko kalangu? Na gwada wani naɗin kalangu amma ya ƙi hawa kan ganga ko ta yaya na ja shi.

Jikan Makaɗa ya amsa:

Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗi, ɗan'uwa. Ƴan Ingila sun koma faifan iyayensu, ƴan Burazil irin DJ Marky sun koma samba da bosa nova nasu, "LK" ta 2002 a kan waƙar Jorge Ben da Toquinho take. Garin da ya yi Ma'azu Ɗan Alalo ba ya rasa abin komawa.

Dalilin da kalangu ya ƙi hawa shi ne da yawa daga kiɗanmu bugu uku-uku ake raba shi, zagaye guda ƙwaya 12, dram an bes kuwa ƙwaya 8 ne a mezir in ka ƙirga gida bibbiyu. Miƙewa ba za ta gyara wannan ba. Hanya biyu ce.

Ta farko: ka sa babban bugun kalangu a tampo 116. Lissafin shi ne 116 sau uku 348, 174 sau biyu ma 348. To kowace ƙwayar kalangu za ta faɗi daidai kan hayhat, ba karo, sai dai kan zagayen yana yawo: zagaye biyu na kalangu daidai da mezir uku na ganga, sannan su sake haɗuwa. Daɗinsa ba a magana, amma akwai tarko. Ana gina wannan kiɗa mezir 16-16, kuma 16 ba ta rabuwa uku. Ka bar kalangu ya yi mezir 15, wato zagaye 10, na 16 ya yi shiru ko ya yi ɗan kirari, sannan a sake daga farko. In ka mai da sassan waƙar 12-12 don ka huta, DJ zai sha wuya wajen haɗa ta da wata.

Ta biyu: babban bugun kalangu a 87, zagaye guda ya cika mezir biyu. Kan zagaye ba ya yawo, amma ƙwayoyinsa, kowace milisakan 230, suna gogayya da gidaje 16. A nan dole ganga ta yi sassauci: cire birek, cire siniyar raɗa, bar kik da babbar siniya da hayhat a kan bugu kaɗai. Kalangu ya karɓi aikin raɗar. Wannan ya fi dacewa da gabatarwa ko tsakiyar waƙa inda ake sauke nauyi.

In da hali kada ka yi amfani da tsohon naɗi, kira makaɗi. Sa masa kik da siniya kaɗai a kaske, ba ƙarar ƙirga tsurarta ba, don makaɗanmu da kiɗa suke magana. Makirfo kamar taƙi ɗaya da rabi daga fatar da ake duka, a ɗan karkace don kada ƙarar makaɗin icce ta yi yawa. Ku gama duk abin da kuke so a zama ɗaya: fata tana saki da damina, tana ɗaurewa da hunturu da zafin rana, naɗin safe da na la'asar ba za su zama murya ɗaya ba. Kalangu kuma yana zaune ne a cunkoson nan da Injiniya ya ambata, saboda haka inda yake magana Rhodes ya ja baya, su riƙa karɓa-karɓa kamar mawaƙi da ƴan amshi.

Gurumi ya fi sauƙi ta wajen akor. Yawancin karin waƙarmu not biyar ne, kuma Fa, La bemol, Si bemol, Do, Mi bemol duk suna kwanciya a kan Fa miner tara ɗin Malam. Amma gurumi ba a ɗaure shi da ma'aunin piyano ba. Kada ka sa masa Auto-Tune, za ka kashe shi. Auna uwar tsirkiyarsa, ka ɗaga ko ka sauke shi gaba ɗaya ya zo kusa da Fa ko Sol, in ragowar santi 20 ko 30 ne ka karkato piyano da bes su same shi. In wani not nasa yana faɗa da akor, cire wannan not daga piyano. Sau da yawa na ukun ne, La bemol. Ka musanya shi da Si bemol, akor ya zama a buɗe, gurumi ya faɗi nasa.

Ƴar Zango ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari malamai. Ƙari biyu kan murya, tunda rabin sol murya ce. Mai waƙa ta rera a 87, kuma a cire mata hayhat daga kaske lokacin naɗi, in ba haka ba za ta bi shi da gudu numfashi ya ƙare mata. Baiti gajere, dogayen wasula, layi biyu ko huɗu da ake maimaitawa. Waƙar Hausa mai ɗango da yawa ba ta samun wurin zama a nan. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti. In ka ɗaga murya gaba ɗaya ma'ana ba ta sauya, amma in ka ja gaɓa ɗaya sama ko ƙasa don ta dace da akor kana iya mai da kalma wata kalmar, ko ta zama kamar baƙo ne ke rerawa. Akor ya bi murya. Kuma ɗaga muryar mutum fiye da rabin ton biyu ba tare da gyaran maƙogwaron sautin ba yana mai da babba yaro.

Na biyu haƙƙi. Coleman ya rasu a 2006 bai ci ko sisi daga Amen ba. Sai a 2015 masoya suka tara wa Richard Spencer, jagoran ƙungiyar, fam dubu 24. Kada mu yi wa namu haka. In ka kira mai kalangu ko mai gurumi, ku yi magana kan kuɗi da suna kafin a kunna makirfo, a rubuta, kuma ka yi rajistar aikin a BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na Nijar. Tsohon faifan Amurka kuwa, YouTube yana iya gane shi ko ka ɗaga shi rabin ton, kuɗin ya tafi wurin masu shi.

Malam Mai Piyano ya ƙara:

Jikan Makaɗa, gyara ɗaya kan musanya La bemol da Si bemol. In ya yi haka hannu zai zama Si bemol, Do, Mi bemol, Sol, kuma Si bemol da Do suna manne a ƙasa, za su yi gurnani a daidai wurin da muke son sharewa. Ya ɗaga Si bemol ɗin sama: Do, Mi bemol, Sol, Si bemol. Not ɗin ba su sauya ba, amma mafi ƙasa yanzu 261 Hz ne, an bar wa siniya da kalangu wurinsu. Ɗan Garin Malam, in ka haɗa mezir 32 ka ɗora mana a nan, da na 116 da na 87, mu ji wanne kalangun ya fi yarda da shi.